Mutumin da Ya Hana a Kashe Inji a Challawa

Kafin jiniyar safe ta busa a Challawa, Malam Shu'aibu ya riga ya jingine babur ɗinsa, ya rataya jakar tsohuwar kwamfutarsa, yana bin gangunan jimar fata na masana'anta ɗaya bayan ɗaya. Ba fatu yake dubawa ba. Kowace ganga, mai girman ɗaki, tana da akwatin ƙarfe a gefe, cikinsa akwai ɗan allon lantarki da bai wuce tafin hannu ba, shi ke ba ta umarnin juyawa da tsayawa. A can ƙasan manhajar allon akwai abin da injiniyoyi ke kira kanel, mai raba wa kowane aiki lokacinsa. Nan ne gonar Malam Shu'aibu. Ma'aikata na tsokanarsa da likitan aljanu, don abin da yake yi wa magani ba a ganinsa da ido.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma wallahi bai kamata ya tafi shiru ba.

Kowa a masana'anta ya san maganin inji idan ya ƙame: a kashe, a kunna. Malam Shu'aibu ya tsani wannan ɗabi'a. Ya ce kashewa na goge duk abin da allon ke riƙe da shi, kamar a share sawun ɓarawo kafin mai bin sawu ya iso.

A daminar 2004, Sila, mutumin kudancin Kaduna mai kula da ganga, ya buɗe ƙofarta ya zura hannu zai ciro fata. Sai ganga ta juya da kanta. Hannu ya karye, aka yi maza aka kashe injin. Manaja, Alhaji Idi, ya ce sakaci ne, bai danna maɓallin tsayawa ba, a sallame shi. Sila yana hawaye yana rantsuwa: "Na danna, Allah ne shaidata!" Ba wanda ya gaskata shi sai Malam Shu'aibu. Ya roƙi a jinkirta sallamar sai matsalar ta sake dawowa, ya hana kowa zura hannu, ya laƙa wa allon wata siririyar waya, ya zauna jira. Sila kuwa kullum yana bakin ƙofar masana'anta da hannu a rataye, yana jiran hukunci.

Matsalar ta dawo wata rana da azahar, daidai an ɗauke wuta janareta ya karɓa. Ganga ta tsaya cik, cike da fatu cikin sinadarin da ke cinye fata idan ba a juyawa. Alhaji Idi ya nufi makunni a guje, ya tarar da Malam Shu'aibu tsaye a gabansa.

"Malam, ku matsa! Fatun nan ƙonewa za su yi!"

"Alhaji, ku yi haƙuri. In kuka kashe, shaidar Sila kuka kashe."

"To, in suka lalace, da kai da shi za ku fita!"

Malam Shu'aibu ya tsugunna, ya jona wayar da kwamfuta, ya kama kanel a daidai inda ya tsaya, yana bin sa taki-taki. Gumi na ɗiga a kan madannai. Wari ya fara tashi daga ganga, kowa ya san me warin ke nufi. Ma'aikata sun yi cirko-cirko, har Sila ya shigo ba wanda ya hana shi. Can sai Malam Shu'aibu ya gano: idan wuta ta ƙifta, kanel kan daina sauraren maɓalli da ƙofa don ya ji da canjin wutar, wani lokaci sai ya manta bai koma sauraren ba, alhali tsohon umarnin juyawa na nan yana jiran lokacinsa.

"Kowa ya ja baya. Alhaji, ku danna tsayawa da hannunku."

Alhaji Idi ya danna, har sau biyu. Malam Shu'aibu ya saki kanel. Ganga ta yi ƙara, ta juya.

Alhaji Idi ya dubi yatsansa, ya dubi hannun Sila.

Fatu da yawa sun lalace, kuma Malam Shu'aibu ya sha dakatarwa a kansu, abin da har yau yake yi wa abokan aikinsa ciwo. Da ya dawo ya gyara kanel ɗin, ya bi masana'antun Sharaɗa da Bompai yana gyara wa duk masu irin allon.

Malam, kai ne ka yarda da rantsuwar lebura ranar da kowa ya ƙaryata shi. Kai ne ka sa aikinka a bakin wuta don na wani ya tsira. Hannaye nawa ka ceta? Masu su ma ba su sani ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba da hutu cikin lafiya.

Sila na nan kan gangarsa. Duk sabon ma'aikacin da ya kai hannu makunni don inji ya ƙame, da karkataccen hannun nan yake riƙe shi ya ce, "Tsaya, a kira Malam tukuna." Daga wata mai zuwa babu Malam ɗin da za a kira. Matasanmu masu karatun kwamfuta, ku zo ku karɓi wayar nan kafin ya naɗe ta.