Salkar da Ta Huje a Hanyar Madina

A gidanmu na Harra ta Yamma, in kana neman faɗa da Kaka, zubar da ruwa. Ko ragowar kofi ce sai ta sa ka shanye, ko ka kai wa tattabaru. Muna da famfo, ga tallaja, wato firji, cike da ruwan sanyi, amma ita ko a jikinta. Mu jikokinta da aka haifa nan Madina mun ɗauka tsufa ne kawai.

Lokacin sanyi, tsakanin magariba da isha'i, takan hura gawayi a kasko a tsakar gida, mu kewaye ta. Tana Hausa, muna amsa mata da Larabci, tana ce mana ja'irai masu karyayyen harshe. Ranar da yayana ya watsa mini ruwa da wasa, ba ta zage shi ba. Cewa ta yi, “Ku zauna. Ta yau ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce ta zo mu ji ta.”

Labarin kakarta ne, Ladidi. Zamanin Turkawa, kafin jirgin ƙasa ya san hanyar Madina, Ladidi da mijinta suka taso daga ƙasar Kano a ƙafa. Mijin baduku ne. Duk garin da suka sauka sai ya zauna ya ɗinka takalma da jakunkuna, su sami guzuri, su ƙara gaba. Shekaru suka yi a haka, har suka haifi biyu a hanya: yarinya, wadda ita ce uwar Kaka, da ɗan goye. A bakin teku mai jirgin ruwa ya ƙi ɗaukarsu sai an ba shi wani abu, mijin ya miƙa masa kayan aikinsa kaf, har basilla da zaren jijiya.

“Ya ce ai an zo, me zai ƙara ɗinkawa?” in ji Kaka. “Wayyo, bawan Allah.”

Bayan hajji suka bi ayari zuwa Madina. Masu hali na kan raƙuma, su suna ƙasa, salka ɗaya gare su. Ana sauran kwana biyu a kai rijiya, ƙaya ta huda salkar. Mijin baduku ne fa, wanda da basilla a hannunsa kafin ka ƙifta ido ya gama. Ya roƙi allura a ayarin, kowa ta kansa yake, kuma ba a tsayawa, don wanda aka bari a baya 'yan fashi ne ke samunsa. Suka ɗaure wurin da tsumma, ruwa ya ci gaba da tsattsafowa. Sai Ladidi ta rungume salkar a ƙirji, ta matse hujin da yatsunta. Mijin ya saɓa yarinyar a wuya, don ƙafafunta sun fashe. Haka suka yi ta tafiya, jariri a bayan Ladidi yana kuka, har ya daina.

“Sai suka hango koriyar ƙubba,” in ji Kaka, “suka shigo su uku, suna kuka suna salati.”

Ni ce mai baki a gidan. Na ce, “Leish uku? Ai su huɗu ne!”

Ta daɗe tana juya gawayi da muciya kafin ta ce, “Ta ji lokacin da bayanta ya yi sanyi. Amma in ta saki ta kwance goyon, ruwan ya tafi, yarinyar ma ta bi jaririn. Ba ta saki ba sai a bakin rijiya. Da ƙyar aka ɓamɓare yatsun.”

Na miƙe tsaye na ce wallahi wannan mata ba ta da imani. Na zaci mari zan sha. Kaka ta dube ni kawai, ta ce, “Da ta yi irin imaninki, 'yar nan, da babu ke.” Aka kira isha'i, ta tashi alwala da rabin buta.

Shekara da shekaru ina jin haushin Ladidi a raina. Sai da ɗana na fari ya kamu da amai da gudawa yana wata takwas, aka kwantar da mu a mustashfa, wato asibiti. Za a ƙara masa ruwa, jijiyarsa ta ɓuya, da ƙyar suka sami ɗaya, ma'aikaciyar jinya ta ce in riƙe hannun, in allurar ta goce ba ta san inda za ta sake samu ba. Yana kuka yana miƙo mini ɗaya hannun in ɗauke shi, ni kuwa na danne shi ina kallon ruwan yana ɗiga. Na tsani kaina. Ban saki ba.

Nawa ya rayu, alhamdulillahi. Kaka ba ta ga wannan rana ba, balle in ce ta yafe mini. Ban ma taɓa tambayarta sunan jaririn ba, kuma duk wanda ya sani ya riga ya kwanta a maƙabartar Baƙi'a. In ina ba 'ya'yana labarin, nakan ce su huɗu suka zo.