Bangon da Ke Jiran Gidanmu

Ana sallame asuba muka bar Kano, ni da abokaina biyu, muka kama hanyar Gwarzo. Wani tsohon masallacin ƙasa za mu gani a ƙauyen kakannina, can bayan Kabo, wanda manya ke cewa ya riga jihadi. Ban taɓa zuwa ba, amma tun daga Rimin Gado nake cika musu baki cewa ni jikan gidan marina ne, kuma da hannun kakannina aka ɗora tubalinsa.

A Garo muka karya da ƙosai da kunun tsamiya. Ƙosan ya tsuke, kuɗinsa ya kumbura, mai suyar ta ce mu kai ƙarar man gyaɗa. Daga nan muka sauka daga kwalta, motar ta yi ta kuka har muka isa.

Masallacin ƙarami ne. Ƙofarsa gajera, dole ka sunkuya, ciki kuwa sanyi kamar randa. Rufin azara ne, ga matakalar ladan a waje duk ta siɗe. Bango uku sun sha sabon yaɓe sumul. Na arewa kuwa ya tsage tun daga sama, har rana na leƙowa, azarar da ke kansa ta fara sunkuyowa.

Nan bakina ya ja mini. A gaban liman da dattawan da muka tarar a wurin na ɗaga murya ina faɗan yadda mutanen ƙauye ba su san darajar tarihi ba. Liman ya bari na gama tsaf.

"Alhaji, sannu da hanya," ya ce. "Ai tun kafuwarsa kowane bango da gidan da ke yaɓe shi. Wannan na gidan marina ne, sun koma birni da daɗewa."

"To ku ba za ku gyara ba, Malam?"

"In muka taɓa shi, mun shaida wa gari gidan ya ƙare ke nan. Shi ya sa muke ta jinkiri. Amma bana ba zai kai ƙarshen damina ba."

Abokaina suka zuba wa takalmansu ido. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har na so in shige mota ba tare da kowa ya san ni ba. Da ƙyar na ce, "Malam, ni jikansu ne."

Bai yi mini gori ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Cewa kawai ya yi a jiƙa ƙasa. Na naɗe wando na shiga kwaɓi, ina zamewa, dattawa suna kau da kai don kada in ga dariyarsu. Kafin la'asar mun toshe tsagar, sauran aikin na ɗauke shi a wuyana da na 'yan'uwana.

Mun iso gida bayan magariba. Na tafi ina ɗaukar gado abin alfahari ne, na dawo na san aiki ne. Shekara da shekaru mutanen da na zaga suna sallah a ƙarƙashin rufin da zai iya faɗo musu, don kawai kada a ce gidanmu ya mutu.