Mutumin da Ya Ƙi Kwance Igiya

Kafin masu shago su ɗage ƙofofinsu yana bakin ruwa. Da tafiyarsa ake gane shi daga nesa, ƙafafu a ware kamar ƙasa za ta karkata da shi. Igiya yake fara dubawa, ya bi ta da hannu tun daga turken ƙarfe har goshin jirgin fito, yana laluben inda ta ci. Sannan ya buɗe akwatin rigunan ceto ya jera su a kan katako, goma-goma layi huɗu. Wadda maɗaurinta ya tsinke, da allurarsa da zarensa yake ɗinke ta. Idan fasinja suka fara shiga sai ya tsaya a bakin katakon da ake takawa a shiga jirgi yana ƙirga su a fili. Jirgin na mutum arba'in ne, haka aka rubuta a jikinsa. Da ya ce "arba'in" sai ya busa usur ya gitta hannu, ko wane ne ke biye.

Shekara shida ya yi a haka. Mu da muke ƙetare kogin kullum Kyaftin muke ce masa, kuma da tsokana muke faɗa. Bai taɓa zama kyaftin ba. Ƙaramin soja ne a rundunar sojan ruwa, shekara ashirin da takwas yana tuƙa ƙaramin jirgin ceto. Ya dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya, da kunnen hagu da ƙarar inji ta kashe, da 'ya'yan da suka girma suna gaishe shi kamar baƙo. Abinci a tsaye yake ci, kafin a kawo ruwan sha ya gama. Ba ya wuce famfo bai ƙara murɗe shi ba. Matarsa takan ce, "Malam, zauna ka huta don Allah, gidan nan ba nitsewa zai yi ba." Sai ya yi murmushi ya zauna a bakin kujera, kamar mai jiran a kira shi.

Ya yi yawon ofis-ofis da takardunsa har takalminsa ya cinye. A wani ofis, akawun da bai kai ɗansa na fari ba ya jujjuya takardun ya ce, "Baba, mu fa ba mu da jirgin yaƙi a nan. Sai dai ko gadi." Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya tattara takardunsa ya yi godiya. Daga ƙarshe mai jirgin fito ya ɗauke shi, ba don Allah ba, don masu binciken jirage sun ce dole a sami wanda ya san ruwa a tashar. Aka sa wa takardar shaidarsa gilashi, aka rataye a bangon ofis don su gani.

Sau ɗaya tak ya faɗi dalilin ƙirgarsa, Inna mai kifi ya faɗa wa, ranar da ta matsa masa da tambaya. Ya ce wata safiya aka tura su wurin wani jirgin fasinja da ya kife. Jirgin na mutum talatin ne, gawa sittin da uku suka tsamo. Ya ce akwai matar da ya ɗauko da hannunsa, ta riƙe takalmin yaro ƙwaya ɗaya gam, sun kasa buɗe yatsunta. "Inna, ruwa ba ya jin a yi haƙuri," in ji shi. Daga nan ya koma kan ɗinkinsa.

Kyaftin, kai ne ka faɗa kogin nan da kayan jikinka, kana da shekara hamsin da takwas, ranar da mahaifiyar makaniken tashar ta zame daga katako. Kai ne ka koya wa matan kasuwa yadda ake ɗaure rigar ceto idan akwai goyo a baya. Kai ne ka sauke wani babban ma'aikaci da jakarsa da tumbinsa saboda shi ne na arba'in da ɗaya, yana cewa ka san ko shi wane ne, kana cewa ka sani, shi ne na arba'in da ɗaya. Duk a idonmu aka yi, mun yi dariya mun wuce.

Jiragen fito biyu ne a tashar, sai ranar da ɗayan ya lalace. Ranar kasuwa ce, jama'a sun cika bakin ruwa da kwanduna da buhuna, rana ta take. Kyaftin ya ƙirga arba'in ya busa usur. Mai jirgi da kansa ya fito daga ofis, ya ture hannunsa, ya tura mutum goma sha biyar ciki. Gefen jirgin ya sauka har ruwa yana lasar katakon zama.

Mai jirgi ya ce, "Kwance igiyar nan su tafi."

"Ranka ya daɗe, arba'in sun cika tun ɗazu."

"Jirginka ne ko nawa?"

"Naka ne. Amma da hannuna ba zan kwance ba."

Kyaftin ya san abin da zai biyo baya. Ya san autarsa tana makaranta, ya san irin amsar da ake ba tsohon soja mai kunne ɗaya a ofisoshi. Duk da haka ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙullin igiyar ya tsaya.

Me muka yi, mu da yake tsaron ranmu? Tsaki muka yi masa. Wani ya ce tsohon nan ya cika taurin kai. Wani ya ɗaga murya, "Kyaftin, nan ba bariki ba ne!" Aka fashe da dariya. Ina cikin jirgin ranar, ina duba agogo, kuma nawa tsakin ya fita. Har yau ina jin kunyar abin.

Mai jirgi ya fizge usur ɗin daga wuyansa, ya ce daga yau ya sallame shi. Ya sunkuya zai kwance igiyar da kansa, ƙullin sojan ruwa ya gagare shi, ya ce a kawo wuƙa. A nan ne Inna mai kifi ta miƙe, ta ɗora kwandonta a ka.

"Matsa mini in fita, ɗan nan," ta ce wa na kusa da ita. "Ni ban iya iyo ba, kuma kifin nan da ya iya ya riga ya mutu."

Ta fita. Mai tumatir ta bi ta, wata mai ciki ta biyo su, sannan maza suka fara saukowa suna sunkuyar da kai. Sai da aka koma arba'in cif Kyaftin ya janye hannunsa, ya ja bakin igiyar sau ɗaya ta warware. Jirgi ya ƙetare lafiya. Shi kuma ya ɗauki allurarsa da zarensa ya tafi gida.

Wata uku ke nan. Ba a mayar da shi aiki ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, takardar shaidarsa tana nan rataye a bangon ofishin. Masu bincike sun zo sau biyu, sun dube ta, sun sha lemo, sun tafi. An kori mutumin an riƙe takardarsa ana cin abinci da ita. Wannan rashin kunya har ina? Mutum ya ba ruwa ƙuruciyarsa da kunnensa, ya dawo cikinmu, abin da muka iya saka masa da shi ke nan?

Shi kuwa kullum da safe yana zuwa. Ba a barinsa ya taka katakon, sai ya tsaya a bayan shinge, ƙafafu a ware, leɓensa na motsi. Na tambaye shi me yake nema a wurin da aka wulaƙanta shi. Ya juyo mini da kunnen dama, na maimaita. Ya ce, "Malam, idan na zauna a gida ma ƙirgawa nake yi. Gara in ga abin da nake ƙirgawa." Yanzu matan kasuwa ne ke ƙirgawa a fili, Inna mai kifi ce ke ja musu baki.

Mun gode, namijin duniya. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan waɗanda ka tsamo, ya ba mu kunyar abin da muka yi maka. Mai jirgi kuma, ko ka mayar masa da usur ɗinsa, ko ka sauke takardarsa daga bangonka. Sauranmu masu ƙetare ruwa, ba a ce mu faɗa kogi mu ceci kowa ba. Ranar da ka zo a makare, rana na dukanka, ka ji mata sun ce "arba'in" kuma ƙafarka ce a kan katako, ka janye ta ka jira jirgi na gaba. Kyaftin yana bayan shinge yana kallonka.