Likitar Da Ta Shigar Da Kitso Ɗakin Gwajin Ƙwaƙwalwa

Haihuwa da karatu

An haifi marigayiya a shekarar 1957 a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, inda mahaifinta yake gyaran agogo, mahaifiyarta kuma ungozoma ce. Ta kammala karatun likitanci a 1983, ta ƙware a fannin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a 1991.

Aure

A 1985 ta auri wani malamin lissafi, bawan Allah mai haƙuri, wanda ya ci abinci da sanyinsa iya zamansu bai taɓa kai ƙara ba.

Aiki da jarrabawa

Asibitin da ta kama aiki ya ba ta wani ɗaki a ƙarƙashin matakala, da tsohuwar na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa. Maza masu farfaɗiya ba su ba ta wahala ba. Mata kuwa, yawan gashi ya hana wayoyin na'urar kama fatar kai, aski kuma babu wadda za ta yarda, saboda haka sai a ba su magani bisa ƙiyasi. Wannan ya daɗe yana ci mata rai. A 2004 hukumar asibiti ta ba ta wa'adin shekara guda: ko a ga amfanin ɗakin, ko a rufe shi.

Tallafin bincike

A shekarar ta sami wani ɗan tallafi mai sharaɗin haɗin gwiwa, wanda manyan likitoci suka raina. Maimakon neman sabuwar na'ura, sai ta jawo wani injiniya daga jami'a da ƙanwar mijinta mai sana'ar kitso. Injiniya ya auna gurbin kowace waya, mai kitso ta fitar da tsaga daidai wurin.

Shugaban asibiti ya leƙo ya ce, "Likita, ɗakin gwaji muka ba ki ko shagon kitso?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, shigo a gwada ka. Naka kan ma ba sai an tsaga ba."

Kafin cikar wa'adi sakamakon mata ya fito tar, aka daidaita wa kowacce maganinta. Ɗakin ya zama sashe mai zaman kansa a 2007, wasu asibitoci kuma suka riƙa turo ma'aikatansu koyon tsagar.

Rasuwa

Allah Ya karɓi rayuwarta a 2022 bayan gajeriyar jinya, aka yi mata sutura a ranar. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: babbansu lauya ne, mai bi masa malamar makaranta, na uku manomi, auta kuma ma'aikaciyar jinya. Cikin masu ta'aziyya har da wata dattijuwa cikin masu farfaɗiyar da ta yi wa magani, wadda a da aka hana ta goyon 'ya'yanta don gudun kada ta faɗi da su. Ta zo da jikanta a baya.