Garin tsingaron Goggo

A shekarun farkon Shari'a ina ajin ƙarshe a jami'a, aka ba ni aikin bincike a kan robar da ake lulluɓe kayan lantarki da ita. Tana tare wutar lantarki, amma tana riƙe zafi a ciki har na'ura ta ƙone. Malaminmu ya ce in gauraya ta da garin gasasshen yumɓu, ko zafin zai samu hanyar fita. Na gwada sau uku, duk abin da na zuba sai ya fito da ƙuraje, ya ruguje a hannuna.

Da hutu ya zo na kwashi kwalabena na ruwan roba na tafi Sandamu wurin Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta tsufa tana ginin tukwane. Ta tarar da ni a gindin rumbu ina dakan tsingaro, wato fasassun tukwanenta.

"Ɗiyata, wannan tsakin za ki cuɗa?" Ta murza shi a yatsu tana dariya. "Ko yumɓuna ba zai karɓe shi haka ba."

Ta karɓe aikin. Ta niƙa shi a dutse, ta tankaɗe da tsohon mayafinta, sannan ta soya a kasko don danshi ya fita. Ni kuma na wanke garin da wani ruwan magani da na zo da shi daga makaranta, mai sa gari ya kama roba. Wannan karon da na cuɗa shi da ruwan robar ya shige lumui, babu gudaji. Muka zuba a murfin gwangwani, muka kuma zuba roba zalla a wani murfin, suka kwana biyu suka daskare.

Ba ni da ma'aunin zafi. Goggo ta ɗora faifan roba zalla da namu a kan kasko mai zafi, ta lakato man shanu ta ɗiga wa kowanne. Muka tsuguna muna kallo. Na kan namu ya fara sheƙi, ya narke ya gangara, ɗayan yana nan a dunƙule.

Goggo ta rangaɗa guɗa, har matan maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ta haihu. Ni dai ina ta tsalle riƙe da gyalena.

"Ki gaya wa malaminku ni na tankaɗe," ta ce.

Na gaya masa. Ya juya faifan a hannu, ya ce in koma in roƙo masa kwano guda na garin.