Akwati Mai Lamba Ashirin da Biyu

Ranar Talata, huɗu ga Fabrairun 2014, mai sito na ofishin ilimi ya fara ganin matar da yara ke kira Inna Malama. Ta zo karɓar akwatin kayan koyarwa da ake ba duk wadda ta gama zangon farko na horon malaman ƙananan yara. Ya miƙa mata mai lamba ashirin da biyu: 'yan katakai masu launi guda sittin, ƙwallo huɗu, littattafan hoto goma. Ya karanta mata sharaɗi, cewa bayan wata shida za a zo dubawa, kuma sai an sa mata hannu za ta shiga zango na biyu, wanda ake ba da takardar shaida.

"To, ɗan'uwa, in yaro ya haɗiye ɗaya fa?"

"Sai ki kawo yaron in ajiye shi a sito."

Ta yi dariya har ta dafa tebur, ta ɗora akwatin a ka ta fita.

A lokacin ta doshi hamsin. Shekara goma sha tara ta yi tana riƙe yara a wani ɗaki kusa da shagon mijinta kafinta, tun maƙwabta na bar mata nasu in za su kasuwa, har firamaren unguwa ta mayar da ɗakin ajin share fage. Sabon hedimasta kuwa ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in babu takarda, ajin na wata ne.

Da can koyarwarta ta faɗa ce su amsa, tana buga tebur da sanda. Da ta dawo daga horo sai ta tokare taga da sandar, ta shimfiɗa tabarma, ta zazzage akwatin a tsakiyar yara talatin. Kafin wata shida katakai tara sun yi ɓatan dabo, ƙwallo ɗaya ta fashe, an tauna bangon littafin giwa. Mijin ya sassaƙa mata wasu, ya shafa musu ragowar fentin ƙofa, duk suka fito kore.

Ƙanwar mijin ce, mai shara a wata makaranta, ta tsorata ta. "Yaya, da wannan tarkacen za ki tari masu dubawa? Akwatin makarantarmu yana kabad ko leda ba a cire ba. Ki ara kwana ɗaya, kowa haka yake yi."

Ranar dubawa mai sito ya zo tare da shugabar horo, mace mai tabarau da ba ta son doguwar gaisuwa. Suka tarar da yara a jere, hannuwa a ƙirji, akwati a kan tebur yana sheƙi. Shugabar ta shafa ledar.

"Malama, wata shida ba ki buɗe ba? Mun ba ki ne ki yi ado?"

Inna Malama ta shiga tsaka mai wuya. In ta ce nata ne, ta faɗi; in ta ce aro ne, ta yi ha'inci. Shugabar har ta cire marfin biro.

Mai sito dai mutum ne da ba ya sa hannu sai ya duba gefen kaya. Ya juya akwatin, ya duba littafinsa, ya sake dubawa. Ya san maganar za ta iya ƙarasa matar, amma bai iya rubuta abin da ba shi ba.

"Ranki ya daɗe, wannan sha huɗu ne. Ashirin da biyu na ba ta. Inna, ina naki?"

Ta sunkuyar da kai. "Yana ƙarƙashin bencin maigida, na rufe shi da buhu."

Mijin ya shigo da shi, ƙurar katako a gashinsa, yana cewa shi dai fenti kawai ya yi. Ana ajiyewa layi ya watse. Wata yarinya ta ware jajaye gefe guda tana ƙirgawa, biyu suka hau gina gada, wani ya kawo wa shugabar littafin giwa ya ce ta karanta, amma kar ta tsallake wurin kogi. Sai da ta karanta.

Mai sito ya rubuta komai yadda yake: tara sun ɓata, tara na kafinta, ƙwallo uku. Shugabar ta sa hannu a ƙasa, ta ce, "Aron nan kada in sake ji. Mai sha huɗu kuma ta same ni a ofis."

Wannan ne ya dami Inna Malama, don ta jawo wa malamar da ta ara mata akwatin. Wata uku tana zuwa makarantar matar duk Alhamis bayan tashi, su zauna a tabarma tana nuna mata yadda ake aiki da kayan, har ita ma aka sa mata hannu.

Inna Malama ta karɓi takardarta a Yunin 2015. Ta riƙe ajin shekara takwas bayan nan, ana turo mata sababbin malamai su ga yadda take yi. Ciwon gwiwa ya sa ta ajiye aiki a 2023. Yanzu tana zaune wurin babbar 'yarta, tana rainon jikoki huɗu.