Makullin Babur ɗin Baffa

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da ƙanina, daga Kano zuwa Fammar ta ƙasar Kibiya. Abin da ya fitar da mu ba wani babba ba ne. Bara mu 'ya'yan gida muka yi karo-karo muka saya wa Baffa, ƙanin mahaifinmu, babur. Malami ne, shekaru sun ja, gwiwa ta daina yarda da keke, ga shi duk Alhamis sai ya je Rurum ya ba wasu magidanta karatu. Da muka tashi saye muka ce Baffa ya wuce hawa irin na 'yan acaɓa, muka ɗauko babba mai tsada, wanda idan ya wuce sai an waiwaya. Dilan da ya sayar mana ya ce a riƙa kai shi sabis shagonsu na Rano. To, sabis ɗin za mu kai shi, mu gaida tsoho, mu juyo.

Tun a tasha aka fara girgiza ni. Kuɗin motar da aka faɗa mana sai da na sake tambaya, ko direban ya ɗauka shata muke nema. Ya ce in ban yarda ba in je gidan mai in tambaya. Muka shige aka matse mu a baya, wani bawan Allah ya ɗora mini kwandon kaji a cinya kamar mun saba. Daga Ƙarfi muka saki hanyar Zariya muka bi ta Bunkure. Damina ta zo ƙarshe, shinkafa ta yi kore shar hagu da dama, dawa ta fi mutum tsawo. Hanyar kuwa wani wuri santsi, wani wuri ramin da sai direba ya yi masa sallama kafin ya shiga.

Duwatsun Rano suka fito mana da hantsi. Muka karya da waina da miyar taushe a bakin tasha, mai zafi, mai daɗi, sai dai wainar ta rame ƙwarai tun rabona da garin. Daga nan wata motar zuwa Kibiya, sannan acaɓa zuwa Fammar ta hanyar burji da ruwa ya zaizaye.

Mun tarar da Baffa a zaure kan buzunsa. Bayan gaisuwa da fura mai sanyi na tambayi babur. Ya ce yanzu za a dawo da shi, wani maƙwabci ya kai taki gona. Na dubi ƙanina, ya dube ni. Sai a lokacin na lura da wata ƙusa a jikin bango, daidai ƙofar zaure. Ashe nan makulli yake kwana, nan yake wuni. Duk mai buƙata ya yi sallama, ya gaida Malam, ya miƙa hannu ya ɗauka. Mai kai mara lafiya asibitin Kibiya, mai kai buhu kasuwa, mai zuwa ta'aziyya, kowa. Alhamis kaɗai aka sani ta Malam ce.

Da babur ɗin ya iso, ban ga abin faɗa ba. Yana ƙyalli, an wanke shi tas, har ledar kan kujera ba a cire ba. Mutumin da ya dawo da shi bai rataye makulli ba sai da ya durƙusa ya zaro sifana daga aljihu, ya ɗan ja tayar baya ya ƙara wa sarƙa tauri. Ya ɗauko wata gora mai baƙin mai, irin wanda ake juyewa daga inji, ya tsiyaya mata har yana ɗiga. Na tambaye shi dalili. Ya ce ai Malam ba ya karɓar ko sisi, an yi an yi ya ƙi, shi ya sa duk wanda ya ara ba ya mayarwa haka nan, sai ya ɗaure sarƙa ya ba ta mai. Abin kunya ne a garin a ce ka dawo da babur ɗin Malam sarƙa na reto. Raina ya yi fari, na ce Allah ya saka da alheri.

Muka hau, ni a gaba ƙanina a baya. Ba mu yi nisa ba na fara jin wani gurnani daga ƙasa, kamar ana niƙa tsakuwa. In na murɗa mai sai babur ya yi tsalle ya dawo. Mun wuce Kibiya kaɗan, a wani ɗan hawa, sai ji muka yi ƙas! Sarƙa ta zame ta cushe, tayar baya ta ƙame, muka tafi a karkace har cikin gonar gyaɗar mutane. Allah ya tsare, ƙujewa ce kawai a gwiwar hannu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jibi Alhamis, da tsohon nan ne a kai. A-kori-kura muka tare ta kai mu Rano, mu da babur da buhunan gawayi.

Shagon dila fes, ga fanka, ga kujeru, ma'aikata da riga iri ɗaya. Babban bakanikensu ya kwance murfin sarƙa, ya duba, sannan ya kira ni in gani da idona. Jama'a, ban taɓa ganin ƙarfe ya ci wuya haka ba. Haƙoran faifan baya, waɗanda sarƙa ke hawa, sun siirance sun lanƙwashe kamar ƙaya, wasu sun karye. Na gaba ya kusa zama sumul. Baƙin mai ya haɗu da yashin hanya ya zama wani kunu mai kauri, shi ne yake ta goge ƙarfen kullum. Ya ce irin wannan sarƙar tana da 'yan robobi a gaɓoɓinta, manta daban ne, kuma ana barinta da ɗan sassauci. Wannan kuwa an ɗaure ta kamar tsirkiya, da ta miƙe aka rasa wurin ja sai aka yanke mata gaɓa aka ci gaba. Taurin ya ja sandar da ke fitowa daga inji har boris ɗinta ya tafi, sai an buɗe inji.

Na ce to ai akwai garanti. Ya yi murmushi ya ce garanti ya mutu tun ranar da sifanar waje ta taɓa shi. Da ya faɗi kuɗin sarƙa da faifai biyu kaɗai, sai da na nemi kujera. Da ya ɗora na boris da buɗe inji da na aiki, ƙanina ya yi salati da ƙarfi har masu jira suka waiwayo. Abin ya doshi rabin kuɗin sabon babur irin na 'yan acaɓa. Kayan ma ba su a ƙasa, sai an aiko. Na leƙa wajen masu kayan babur na bakin kasuwa ko za a dace. Sarƙar irin ta kowa tana nan rataye birjik, da araha, kowane bakanike ya iya ta, amma ba ta hawa namu.

Muka bar babur a shagon, muka sayi gasasshiyar masara muka ci ba don muna jin daɗinta ba. A hanyar komawa Fammar na kira sauran 'yan'uwa. Bakinsu ɗaya: za a biya, amma da sharaɗin makulli ya bar ƙusa ya koma aljihun Baffa.

Bayan la'asar na zauna gabansa na kwashe komai na faɗa masa, har da sharaɗin. Ya saurara yana jan carbi. Muna cikin haka wani magidanci ya yi sallama a gaggauce, ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, tsohuwa ce jikin ya tashi." Yana magana hannunsa na kan bango yana lalube, bai ma duba ba. Ya shafa ƙusa, ya sake shafawa, sannan ya juya ya kalle ta.

Baffa ya sunkuyar da kai. Mutumin da tun ina yaro ban taɓa ganin ya rasa abin faɗa ba, sai ga shi yana ba sa'an ɗan cikinsa haƙuri, murya ƙasa-ƙasa, kamar shi ya yi laifi. Ƙanina ne ya fita da gudu ya samo ɗan acaɓa a bakin hanya aka ɗauki tsohuwar.

Da suka tafi Baffa ya dube ni ya ce, "Ɗana, abin da ka gani yanzu, shi kuke so in riƙa yi kullum, alhali makulli na aljihuna?"

Ya ce idan gyaran sai da wannan sharaɗi, mu sayar da shi yadda yake, mu saya masa irin na kowa, ko tsoho ne. Idan hakan ma bai samu ba, kekensa na nan, zai lallaɓa da gwiwar. Ya ce su kuma mutanen gari shi zai gaya musu su bar sarƙa ta huta, amma a hankali, don ba da mugunta suka yi ba.

A nan muka kwana. Da safe muka biyo ta Rano, na ce wa dila kada ya sa a aiko da komai, ya nemo mana mai saye. Faɗuwar da za mu yi ba kaɗan ba ce, har yanzu wasu cikin 'yan'uwa ba su huce ba. Mun shigo Kano da azahar, jiki duk ciwo.

Abin da na taho da shi daga tafiyar nan, in za ka sayi babur ka fara tambayar kuɗin sarƙarsa da wanda zai gyara shi a inda zai zauna, kuma sarƙa ba ta son tauri, ba ta son baƙin mai. Sauran kuwa, mu mun ɗauka mutum ɗaya muka saya wa abin hawa, ashe gari guda ne. Jiya na kira Baffa na ce masa an samu mai saye, ƙaramin zai iso kafin wata Alhamis. Bai tambayi launinsa ba, bai tambayi ko sabo ne ba. Cewa ya yi in tabbatar an haɗo da makulli mai zobe, wanda zai zauna a ƙusa.